An Yanka Wa Boko Ranar Komawa, Wa Ya Shirya Wa Allo?



Daren Lahadi, 3 ga Janairun 2021, Shugaban Ƙasa Nana Akufo-Addo ya yi wa ƙasa jawabi, ya yanke ranar da iyaye suka daɗe suna jira. Ya ce jami'o'i za su fara komawa daga 9 ga wata, 'yan nazare da firamare da ƙaramar sakandare kuma daga ranar Juma'a 15 ga wata. Tun ranar Litinin 16 ga Maris na 2020 aka rufe makarantu, ke nan ƙananan yaranmu sun yi wata goma cur ba su zauna a aji ba. Duk uban da ya ga abin da zaman wata goma ya yi wa ɗansa ba ya bukatar a faɗa masa dalilin murna.

Hukuma ta yi abin da ya kamata a yaba mata a kansa. Ba ta buɗe ƙofa a dare ɗaya ba. A watan Yuni ta fara da 'yan ajin ƙarshe, ta ƙayyade cewa aji kada ya wuce ɗalibi 25 a babbar sakandare da 30 a ƙaramar sakandare, aka rubuta jarrabawar WASSCE da ta BECE, sannan a Oktoba 'yan aji biyu suka bi baya. Yanzu kuma an yi alkawarin feshin magani a ajujuwa, da raba takunkumi, da sabulu, da bokitin Veronica, da ma'aunin zafin jiki. Ko alkawarin zai cika a kowace makaranta, lokaci ne zai nuna. Amma dai an zauna, an yi lissafi, an rubuta wani abu a takarda.

To, yaron Zongo makaranta biyu gare shi. Da safe yana boko, da la'asar ko ranakun Asabar da Lahadi yana gaban malam da allonsa ko izunsa. Makarantunmu da suka shiga ƙarƙashin Sashen Ilimin Musulunci na Hukumar Ilimi ta Ghana, wanda aka kafa a 1987, suna cikin rajista, saboda haka duk abin da aka raba suna da hakkin a kai musu. Sauran fa? Muna nufin makarantar zaure, da ta barandar masallaci, da ta tsakar gidan malama, waɗanda suka cika lungunan Aboabo da Asawase da Sabon Zongo da Sawaba da Akwatia Line, kamar yadda suka cika Nima da Mamobi a Ankara. Ba mu ji an ambace su a jawabin ba, kuma ba mu ga laifin mai jawabin sosai ba, domin wanda ba ya cikin littafi ba ya cikin rabo. Abin da ya fi ba mu kunya shi ne mu kanmu ba mu ambace su ba.

Mu da aikinmu shi ne zama gefen dattijo da alƙalami, muna rubuta wasiƙa muna ajiye bayanin sulhu, mukan ji abin da ba a faɗa a lasifika. Bari mu faɗi abin da kowa ya sani amma ake kauda kai: da yawa daga makarantun allo sun daɗe da buɗewa. Wasu tun bayan Ƙaramar Sallah, wasu bayan Layya. Sun buɗe ne a ɓoye, kuma ɓoyon shi ne masifar. Wani malami, dattijo mai mutunci wanda ya karantar da iyayen yaran da yake karantarwa yau, ya gaya mana da bakinsa cewa yakan tura ƙofar zaure ya saki labule don kada ƙarar karatu ta fita titi a kawo masa ƙara. Da ya yi karatun a fili, a inuwar bishiya, da haɗarin bai kai haka ba. Tsoron hukuma ya sa ya zaɓi hanyar da ta fi kowace hanya haɗari, kuma bai san ya yi haka ba, domin babu wanda ya je ya zauna da shi ya yi masa bayani.

Abin da muka zo faɗa ke nan: makarantar allo za ta cika da yara ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma babu wanda zai yi mata shiri idan ba mu ba. Yaron da aka auna zafin jikinsa a ƙofar makarantar gwamnati da safe, ya wanke hannu, ya zauna nesa da ɗan'uwansa, idan la'asar ta yi zai cusa kansa cikin yara hamsin a ɗaki ɗaya. Duk wahalar safiya ta tashi a banza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar wannan bangon a gidanmu take.

Ya kamata mu fahimci yadda cutar take tafiya, domin wanda bai san hanyar ɓarawo ba ba ya sanin inda zai sa ƙaya. Korona tana fita ne da numfashi. Mai ɗauke da ita idan ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ƙananan ɗigo suna fita daga bakinsa da hancinsa, kuma gwargwadon ɗaga murya gwargwadon yawan abin da ke fita. A fili iska tana kwashe su. A ɗakin da aka rufe suna taruwa, kowa na shaƙa. Mutum kan iya ɗauke da ita yana yaɗawa tun bai ji komai a jikinsa ba, kuma takan ɗauki har kwana 14 kafin alamarta ta bayyana. Yanzu mai karatu ya rufe ido ya tuna makarantar da ya yi: gwiwa na gugar gwiwa a kan tabarma, kowa na rera karatunsa da iyakar muryarsa don malam ya ji, randa ɗaya da moɗa ɗaya, buta ɗaya tana yawo, yatsa a baki kafin a buɗe shafi, sannan a yi layi a miƙa wa malam hannu a gaishe shi. Ga shi kuma muna tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke sa a rufe taga, kuma rabin yara suna fama da mura, ba mai iya bambance tarin hazo da tarin annoba da ido.

A yi lissafi mai sauƙi. A ɗauki zaure mai faɗin mita huɗu da tsawon mita biyar. Idan aka bar tazarar mita ɗaya tsakanin yaro da yaro, aka ware wa malam wurinsa, aka bar hanyar wucewa, da ƙyar zai ɗauki yara goma sha biyu zuwa sha biyar. Kowa ya leƙa zauren unguwarsu ya ƙirga takalman da ke bakin ƙofa, ya gaya wa kansa gaskiya.

Gaskiya ne cutar ba ta cika tsananta wa yara ba, kuma wannan rahama ce. Amma yaron ba shi kaɗai yake kwana ba. A gidajenmu na haya iyali goma kan haɗa tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya, jika yana kwana a ɗakin kakarsa. Waɗanda cutar ta fi kayarwa su ne tsofaffi da masu hawan jini da ciwon suga, kuma idan aka nemi mutumin da ya haɗa waɗannan siffofi a Zongo, sau da yawa za a same shi zaune a kan buzu, yara sun kewaye shi. Malamin da ya haddace Alƙur'ani, ya san Risala da Ishiriniya da ka, idan ya tafi ba a sayo irinsa a kasuwar Kejetia. Shi ne farkon wanda rashin shirinmu zai ci.

Akwai ɓangarori biyu a cikinmu da suke hana a zauna a yi wannan shiri, kuma kowanne yana ganin shi ne mai kishin addini ko mai kishin yara.

Na farko su ne masu cewa babu komai, cutar masu hawa jirgi ce, ba ta shiga Zongo, wanda Allah Ya tsare babu abin da zai same shi. Muna tambayarsu: mutum sama da 50,000 da gwaji ya tabbatar sun kamu a ƙasar nan zuwa farkon 2021, da sama da 300 da suka rasu, duk attajirai ne? Ministan Lafiya na lokacin da kansa ya kamu a watan Yunin 2020, wannan ya nuna ba ta jin tsoron babba, amma bai nuna tana jin tausayin ƙarami ba. Kuma wa a cikinmu ba shi da dangi ko malami a Kano? Mun ji abin da ya faru can a watan Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta binne dattawa da malamai da manyan masana a 'yan makonni, har daga baya hukumomin lafiya na Najeriya suka ce fiye da rabin waɗannan mace-mace suna iya kasancewa da alaƙa da korona. Mutanen Kano ba su fi mu zunubi ba, mu ma ba mu fi su addu'a ba.

Batun tawakkali kuwa, mu ma a gaban malamai muka tashi, kuma abin da suka karantar da mu ya saɓa wa wannan magana. Sun karantar da mu cewa Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham da jama'a, da labarin annoba ya riske shi a hanya sai ya yi shawara da sahabbai ya juya da su Madina, bai ɗauki juyawar a matsayin gudun ƙaddara ba. Sun karantar da mu cewa a wannan annoba ta Amwas, da jagoranci ya zo hannun Amru ɗan Asi, umartar mutane ya yi su watse cikin duwatsu su daina cunkuso. Wato raba jama'a da fitar da su fili dabara ce da ta girmi duk wani likitan zamani. A zamaninmu kuma mun ga an dakatar da Umra, mun ga Hajjin 2020 da ba a bar kowa ya zo daga wajen Saudiyya ba, har maniyyatanmu da suka tara kuɗi shekara da shekaru suka haƙura. A nan gida masallatai sun kasance a rufe daga tsakiyar Maris har 5 ga Yuni, muka yi azumi babu tarawihin jam'i, muka yi Idi ba mu fita fili ba, kuma Babban Limamin Ƙasa, Shaikh Usman Nuhu Sharubutu, ya yi kira a bi doka. Da aka buɗe, mun yarda da mutum 100 kacal, da sa'a ɗaya, da rubuta suna da lambar waya a ƙofa, da bokiti da sabulu. Idan mun iya yin haka don sallar manya, wane dalili ne zai hana mu yi don karatun yara? Ko ran baligi ya fi na almajiri tsada ne?

Masu cewa annoba ba ta san hanyar Zongo ba, tarihin unguwarsu ma ba su sani ba. A 1918 murar nan mai kisa ta sauka ta bakin teku, ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyar fatake har arewa, masana tarihi suna ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 100,000 a ƙasar nan cikin 'yan watanni. Alhaji Umaru na Kete Karachi, babban malaminmu da ya rasu a 1934, ya ga wannan annoba da idonsa har ya tsara waƙa a kanta. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a nan Kumasi, Turawan mulki suka rushe gidaje a tsohon Zongo, kuma daga nan ne aka gina Sabon Zongo. Wanda yake zaune a Sabon Zongo yau yana cewa annoba ƙarya ce, yana zaune ne a kan shaidar da ke ƙaryata shi. A 2014 ma kwalara ta kama mutum sama da 20,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 200, kuma unguwannin cunkoso ta fi yi wa ɓarna.

Darasin 1924 ya kai mu ga ɓangare na biyu, masu cewa a bar makarantun allo a rufe har cutar ta wuce, ko har hukuma ta aiko da takarda. Waɗannan galibi 'yan bokonmu ne, kuma niyyarsu mai kyau ce, amma maganarsu maganar wanda yake da falo da talabijin ce. An buɗe tashar koyarwa ta Ghana Learning TV, an sa darussa a rediyo, mun gode. Sai dai a ɗakin da mutum bakwai ke kwana, wa zai yi shiru don yaro ya saurari lissafi? Kuma wace tasha ce za ta karɓi haddar yaro ta gyara masa makhraji? Yaron da ya kai izu goma a watan Maris, yau in an ce ya kawo biyar sai ya yi ta inda-inda. Wasu sun bi masu tuƙa aboboya, wasu suna tallan ruwan leda a bakin titi sun ɗanɗana kuɗi, kuma akwai 'yan matan da aka ɗaura wa aure a wannan tsakani waɗanda da makaranta na buɗe da ba a yi gaggawar ba. Malamin kuwa ba shi da albashi. Kuɗin Laraba da sadakar iyaye su ne tukunyarsa, ranar da aka rufe makaranta ranar aka kife ta. Wanda ya ce masa ya ci gaba da rufewa bai kawo masa mudun shinkafa ba, shi ne ya tura shi sakin labule.

Jiran hukuma kuma yana da nasa haɗarin. Idan cuta ta ɓulla a wata makarantar zaure har labari ya kai gidajen rediyo, ba za a zo da sabulu ba, da kwaɗo za a zo, kuma ba wannan makaranta kaɗai za a rufe ba. Sunan Zongo ne zai sake shiga bakin masu neman abin faɗa. Mun ga yadda gwamnonin arewacin Najeriya suka yi a 2020: suka kwashe almajirai a manyan motoci, kowace jiha na mayar wa wata nata, har gwaji ya nuna da dama cikin yaran da aka kai Kaduna daga Kano suna ɗauke da cutar. Haka ake yi wa mutanen da ba su yi wa kansu tsari ba, sai a yi musu wanda ba a tambaye su ba. Mu da muke 'yan tsiraru a ƙasar da muke, mun fi kowa bukatar mu riga mai kwaɗo isa ƙofar.

Kafin mu nuna kowa da yatsa, mu fara da kanmu, mu na zauren manya. Tun da aka sassauta doka, wane mako ne ya wuce ba a tare titi da rumfunan haya don aure ko suna ba? An fitar da yayi, an ɗinka, an cika kujeru ɗari-ɗari. A kakar zaɓen 7 ga Disamba mun cika filaye kafaɗa da kafaɗa, takunkumi a haɓa ko a aljihu, kuma babu dattijon da ya tsawata. Al'ummar da take iya hayar rumfa goma don yinin biki ba za ta ce ba ta da halin rumfa ɗaya don karatun 'ya'yanta ba. Talauci gaskiya ne a Zongo, amma a wannan magana an fi fakewa da shi fiye da yadda yake hanawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwanaki kaɗan suka rage, ga abin da muke ganin za a iya yi a cikinsu, kuma babu ko ɗaya da ya fi ƙarfinmu.

Na farko, ƙidaya. Kowane mai unguwa da kowane sarkin ƙabila ya tura samari biyu da littafi su bi lungu-lungu: sunan malam, inda yake karantarwa, yawan yara, girman ɗakin, akwai taga ko babu, akwai ruwa kusa ko babu. A gaya wa malamai tun farko cewa ba don a kai ƙararsu ake rubutawa ba. Wanda ya buɗe a ɓoye ya fito, babu tuhuma.

Na biyu, a fitar da karatu fili. Harabar masallaci tana zaune babu kowa tsakanin hantsi da azahar, da tsakanin la'asar da magariba. Akwai inuwar bishiya, akwai barandar gidajen masu hali. Masu ba da hayar rumfa su ba da aron ɗaya ko biyu a ranakun da babu biki, ladan ya ishe su. Inda dole sai ɗaki, a cire labule, a buɗe ƙofa da taga duka, ƙurar hunturu ta fi iskar da aka shaƙa aka fitar sau hamsin.

Na uku, a raba yara kashi-kashi. Masu babbaƙu da farfaru su zo a lokacinsu, masu hadda a nasu, kowane kashi da ranakunsa ko sa'o'insa, kuma kada a riƙa cakuɗa su. Amfanin wannan shi ne idan ɗaya ya kamu, kashinsa kaɗai za a sallama, sauran su ci gaba. Karatun sa'a ɗaya da yara goma sha biyar ya fi na sa'a uku da yara sittin, ko da babu annoba. Kuma a sassauta murya, malam yana iya jin karatu ba sai an tsaga maƙogwaro ba.

Na huɗu, ruwa da sabulu a bakin shiga. Bokitin Veronica, wanda wata 'yar ƙasar nan, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, ba komai ba ne illa bokiti mai murfi da famfo da kwano a ƙasa, kowane mai gyaran famfo a unguwa zai iya haɗa shi. A naɗa babban ɗalibi ɗaya ya tsaya a kai, kowa ya cuɗa hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin ya zauna. A ɗauke moɗar randa, kowane yaro ya zo da gorarsa. Kowa da allonsa da alƙalaminsa, a daina lasar yatsa don buɗe shafi, gaisuwar malam kuma a yi ta da baki da rusunawa. Ladabi ba a tafin hannu yake ba.

Na biyar, takunkumi. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2020 ita ce 'yan shekara 12 zuwa sama su sa kamar manya, 'yan shekara biyar zuwa ƙasa kuma kada a sa musu. Na tsakiya a duba hali, inda akwai cunkoso su sa. Zongo cike yake da teloli, kuma ƙyallen da ke zuba ƙarƙashin keke bayan ɗinkin yayi ɗaya ya isa ya rufe fuskar makaranta guda. Kowane yaro ya sami biyu, yana sa ɗaya ana wanke ɗaya.

Na shida, a kare malam. Wanda ya manyanta ko yake da ciwo ya zauna nesa kaɗan, ta inda iska ke shigowa, da takunkuminsa. Biya wa yaro kusa da kusa da duba rubutun allo a bar wa manyan ɗalibai, dama haka aka saba tun da. Wannan ba rage masa daraja ba ne. Abin da ake tsoron ya fashe shi ake ajiyewa a inda hannu ba ya kaiwa.

Na bakwai, wanda yake zazzaɓi ko tari ko ya daina jin ƙamshi ya zauna a gida, kuma a ajiye bulalar fashi a wannan zango, domin yaron da ke tsoron duka zai ɓoye ciwonsa ya zo. Kowace makaranta ta san asibitin da ya fi kusa da ita da lambar ma'aikacin lafiya ɗaya. Idan gwaji ya tabbatar da cutar, kashin yaron ya huta kwana 14, kuma kada a mai da gidansu abin nuni. Ranar da aka fara tsangwamar mai ciwo, ranar kowa zai fara ɓoye nasa.

Na takwas, kuma shi ne ginshiƙin sauran, asusu. Duk abin da muka lissafa zai rushe idan rufe makaranta na mako biyu yana nufin gidan malam ya kwana da yunwa. Kowane masallacin Juma'a ya ware tarin Juma'a ɗaya a wata don wannan. Iyaye su ci gaba da ba da kuɗin Laraba ko yaro ya je ko bai je ba. 'Yan kasuwarmu na goro da shanu da hatsi, da 'ya'yanmu da ke Turai da Amurka waɗanda ba sa ƙyashin turo kuɗin biki ta waya, su tuna da wanda ya koya musu Fatiha. A sa mutum uku amintattu a kan asusun, cikinsu har da mace, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a.

Idan mun yi waɗannan, sai mu ɗauki littafin ƙidayarmu mu tafi da shi majalisar ƙaramar hukuma, da ofishin lafiya, da wajen 'yan majalisar da muka zaɓa a Disambar 2020. Akwai Asusun Raya Zongo da aka kafa da doka a 2017 da sunanmu. Mu ce musu: ga makarantu kaza, ga yara kaza, ga abin da muka yi da hannunmu, ga abin da ya rage, a sa mu cikin rabon sabulu da takunkumi da feshi, a turo ma'aikacin lafiya ya zauna da malamanmu ya yi musu bayani da Hausa. Wanda ya je da lissafi a hannu hakkinsa yake nema, kuma da wuya a sallame shi da alkawarin baki. Waɗannan yara 'yan Ghana ne da safe, 'yan Ghana ne da la'asar.

Za a ce yara ba za su kiyaye ba, za su cire takunkumi, za su rungumi juna a hanya. Haka ne, wasu za su yi. Amma makarantar allo ita ce wurin da aka koya wa ɗan shekara shida ya zauna a kan gwiwa, ya yi alwala a jere ba ya tsallake gaɓa, ya riƙe allo da ladabi. Malamin da ya iya wannan ba zai gaza koya wanke hannu ba, in dai shi kansa ya gamsu. Kuma tsari ko rabinsa aka kiyaye ya fi babu.

Iyayenmu mata, ku ne kuke ganin yaro kafin kowa ya gan shi. Ku taɓa goshinsa da safe, ku leƙa makarantar da kuke tura shi, in kun ga ƙofa a rufe da yara cunkushe ku yi magana, hakkinku ne. Limamanmu, Juma'ar 8 ga wata ita ce ta ƙarshe kafin ranar komawa, muna roƙon ku ba wannan magana wuri a huɗuba. Sarakunanmu da masu unguwanni, ku kira malamai zama kafin Laraba 13 ga wata. Mu a namu zauren littafi yana buɗe, alƙalami yana hannu, duk malamin da ya zo za a rubuta shi da mutunci.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda maganarmu ta yi wa zafi ya yafe mana, ba mu faɗe ta don mun fi kowa ba, mu ma da jikokinmu a waɗannan zauruka. Allah Ya yaye mana wannan annoba, Ya ja kwanan malamanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa yaranmu su koma karatu lafiya su dawo gida lafiya. Amin.